Lamba mai alƙaluma miliyan 41 da abin da aka sani game da ita

A ranar 21 ga Oktoba 2024 aka sanar da gano wata lamba mai alƙaluma 41,024,320, wadda a lokacin ta zarce duk wata lamba gagara-rabo da ɗan Adam ya taɓa tabbatarwa. Lamba gagara-rabo ita ce wadda ta fi 1, kuma babu lambar da za ta raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Wannan sabuwar lamba tana da gajeren suna, wato 2^136,279,841 − 1, ma'ana a jera biyu-biyu har guda 136,279,841, a ninka su da juna, sannan a ɗebe ɗaya. Idan mutum ya ce zai karanta ta, yana furta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa ba barci ba hutu, zai kwashe kusan kwanaki 475 kafin ya kai ƙarshe. Masana kimiyya suna kintata cewa ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin da ake iya hangowa ba su wuce adadi mai alƙaluma 80 da 'yan kai ba, saboda haka babu wani abu da ake ƙirgawa a duniya da zai kusanci wannan lamba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne yawan abubuwan da aka sani game da ita da cikakken yaƙini alhali babu wanda ya taɓa karanta ta. Da yawa daga cikinsu ma ba sa buƙatar kwamfuta, takarda da fensir sun isa, domin sanin lamba a ilimin lissafi yana zuwa ne daga sanin yadda aka gina ta.

A fara da ƙarshenta. Idan ana ninka 2 da kanta, ana samun 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, kuma alƙalamin ƙarshe yana zagayawa ne tsakanin 2, 4, 8 da 6, ya sake komawa farko bayan kowane taki huɗu. Idan aka raba 136,279,841 da 4 saura 1, don haka ninkin ya tsaya a kan 2, kuma da aka ɗebe ɗaya lambar ta ƙare da 1. Alƙaluma uku na ƙarshe su ma suna da nasu zagayen, mai tsawon taki 100, kuma da yake 136,279,841 ta ƙare da 41, ya isa a duba 2^41, wadda ita ce 2,199,023,255,552, a ga cewa babbar lambar ta ƙare da 551. Farkonta da tsawonta kuwa logaridim ne ke bayyana su, wato adadin ninkin 10 da ake buƙata kafin a sami wata lamba. Logaridim na 2 shi ne 0.30102999566398, kuma idan aka ninka shi da 136,279,841 za a sami 41,024,319.945. Ɓangaren da ya zo kafin ɗigo, da an ƙara masa ɗaya, shi ne adadin alƙaluman, ɓangaren da ke bayan ɗigo kuma shi ke nuna cewa lambar ta fara da 88. Har ma ana iya sanin wani abu game da jimillar alƙalumanta miliyan 41 ba tare da an tara su ba. Sauran da ninkin 2 ke bari idan an raba shi da 9 yana zagayawa bayan taki shida, wanda ke nuna cewa lambarmu tana barin saura 4, kuma wannan yana nufin idan aka tara dukan alƙalumanta, aka sake tara alƙaluman jimillar, aka ci gaba har ya rage alƙalami ɗaya, 4 za a samu.

Akwai wata siffa da ta fi waɗannan zurfi. A 1770 masanin lissafi Lagrange ya tabbatar da cewa kowace lamba za a iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'ai huɗu ko ƙasa da haka, murabba'i kuwa shi ne abin da ake samu idan an ninka lamba da kanta, kamar 1, 4, 9, 16 da 25. Yawancin lambobi murabba'ai uku sun ishe su, amma wannan lamba dole sai huɗu. Dalilin shi ne kowane murabba'i idan an raba shi da 8 yana barin 0 ko 1 ko 4 ne kawai, kuma duk yadda aka haɗa uku daga cikin waɗannan ba za su ba da saura 7 ba, ita kuwa lambarmu, kasancewarta ƙasa da lambar da 8 ke rabawa da ɗaya tak, saura 7 take bari. Haka 7 take, wadda ita ce 4 + 1 + 1 + 1, haka 31 take, wadda ita ce 25 + 4 + 1 + 1, kuma hujjar da ta kama waɗannan ƙanana ita ce ta kama babbar ba tare da an canza mata komai ba.

Duk wannan ya samo asali ne daga siffarta a ƙirgen tushe biyu, wato ƙirgen da kwamfuta ke amfani da shi, inda babu alƙalami sai 0 da 1. A wannan ƙirge 3 ita ce 11, 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111, lambarmu kuma ɗaya-ɗaya ce jere har guda 136,279,841 babu sifiri ko ɗaya a ciki. Daga nan ake ganin abin da ya sa dole adadin ninkin shi ma ya zama gagara-rabo. Idan ɗaya-ɗayan guda 15 ne, za a iya kasa su kashi biyar na uku-uku ko kashi uku na biyar-biyar, kuma wannan kasawar tana nufin 7 da 31 za su raba lambar. Haka kuwa abin yake, domin 2^15 − 1 ita ce 32,767, wadda ita ce 7 sau 4,681, kuma ita ce 31 sau 1,057. Saboda haka ba a ɓata lokaci a kan adadin ninkin da ke rabuwa. Sai dai kasancewar adadin gagara-rabo bai wadatar ba, kuma a nan ne wahalar take. Lamba 11 gagara-rabo ce, amma 2^11 − 1, wato 2,047, ita ce 23 sau 89.

Ana kiran irin waɗannan lambobi da sunan Marin Mersenne, wani limamin Kirista ɗan Faransa da ya rayu daga 1588 zuwa 1648, wanda a 1644 ya wallafa jerin adadin ninkin da yake ganin su ne ke ba da gagara-rabo har zuwa 257, wato 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Jerin yana da kurakurai biyar, domin 67 da 257 ba sa bayarwa, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Bai kamata a ga laifinsa ba, ganin cewa sai da aka shafe kusan shekaru 300 kafin a gama tantance jerin. Euler ne ya tabbatar da 2^31 − 1, wato 2,147,483,647, a ƙarni na 18. A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, kuma har yau ita ce gagara-rabo mafi girma da aka tabbatar da lissafin hannu. A 1903 Frank Nelson Cole ya nuna cewa 2^67 − 1 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. Da kwamfuta ta shigo sai tafiyar ta canza, inda a 1952 kaɗai Raphael Robinson ya gano guda biyar a Amurka, mafi girmansu 2^2281 − 1.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yadda ake tabbatar da cewa lamba mai wannan girma ba ta rabuwa. Hanyar da aka koya wa kowa a makaranta ita ce a gwada raba ta da ƙananan gagara-rabo ɗaya bayan ɗaya har a kai tushen murabba'inta, wato lambar da idan an ninka ta da kanta za a same ta. A nan tushen kansa yana da alƙaluma fiye da miliyan 20, saboda haka ko da za a haɗa duk kwamfutocin duniya su yi aiki na shekaru biliyoyi, ba za su taɓa ko gefen aikin ba. Akwai abin da ke rage nauyin kaɗan. Tun zamanin masanin lissafi Fermat, wajen 1640, aka san cewa idan adadin ninkin, wanda za mu kira p, gagara-rabo ne da ya fi 2, duk gagara-rabon da zai raba 2^p − 1 dole ya zama ninkin 2p da ƙarin ɗaya, kamar yadda 23 take 22 da ɗaya, 89 kuma 88 da ɗaya, dukansu ninkin 22 ne da ƙarin ɗaya. Daga baya aka ƙara gano cewa dole kuma ya bar saura 1 ko 7 idan an raba shi da 8. Wannan yana nufin babu wata lamba ƙasa da 272,559,683 da za ta iya raba lambarmu, ita kanta 272,559,683 ɗin kuma ta faɗi, domin saura 3 take bari. Da wannan rariya ake tace mafi yawan lambobin da ake zato tun kafin a shiga babban gwaji, amma rariyar tana iya nuna cewa lamba tana rabuwa ne kawai, ba ta iya nuna akasin haka.

Abin da ya buɗe ƙofar shi ne gwajin da Lucas ya faro, Derrick Lehmer kuma ya kammala shi a 1930. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta, a ɗebe 2, a raba abin da aka samu da lambar da ake gwadawa a riƙe sauran kawai, sannan a maimaita da wannan sauran. Idan adadin ninkin shi ne p, ana yin haka sau p − 2. Idan aka ƙare da sifiri, lambar gagara-rabo ce tabbas, idan kuma aka ƙare da wani abu dabam, tabbas tana rabuwa. A gwada da 31, wadda adadin ninkinta 5 ne, saboda haka taki uku za a yi. Daga 4 a sami 14. Daga 14 a sami 194, wadda ke barin saura 8 idan an raba ta da 31. Daga 8 a sami 62, wadda 31 ke rabawa ba saura. An ƙare da sifiri, 31 gagara-rabo ce. Idan aka yi wa 2,047 haka, bayan taki tara a kan 1,736 za a tsaya, wanda ke nuna tana rabuwa, ko da yake gwajin bai faɗi cewa 23 da 89 ne ke raba ta ba. Wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa, domin akwai lambobin Mersenne masu ɗimbin yawa da aka san tabbas suna rabuwa amma har yanzu ba a san ko lamba ɗaya da ke raba su ba. Lucas ya san cewa 2^67 − 1 tana rabuwa shekaru da dama kafin Cole ya gano abin da ke raba ta.

Ga lambarmu, ana buƙatar taki 136,279,839, kuma a kowane taki sai an ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 da kanta. Da za a yi ninkin yadda ake yi a allo, kowane alƙalami da kowane alƙalami, taki ɗaya kaɗai zai ci ƙananan ninki fiye da tiriliyan 1,600. Abubuwa biyu ne suka sa aikin ya yiwu. Na farko shi ne dabarun ninki masu sauri da ke amfani da lissafin Fourier, irin wadda Schönhage da Strassen suka fitar a 1971, da wadda Crandall da Fagin suka daidaita wa lambobin Mersenne a 1994. Na biyu shi ne cewa rabawa da lambar Mersenne kusan kyauta ce a ƙirgen tushe biyu. A ɗauki 194 da aka raba da 31 ɗazu. A tushe biyu ita ce 11000010. A yanke alƙaluma biyar na ƙarshe, wato 00010, wanda shi ne 2, a tara su da abin da ya rage a gaba, wato 110, wanda shi ne 6, sai a sami 8, kuma shi ne sauran da aka samu a baya. Yanka da tarawa kawai aka yi, ba a yi rabawa ba. Wannan ne ya sa tun daga 1952 kusan kowace lamba da ta riƙe matsayin mafi girma ta Mersenne ce.

Wanda ya gano wannan lamba shi ne Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, a ƙarƙashin GIMPS, shirin neman lambobin Mersenne gagara-rabo da George Woltman ya kafa a 1996, inda masu sa kai ke ba da aron ƙarfin kwamfutocinsu. Ya yi hayar na'urorin sarrafa hoto masu yawa ta intanet a ƙasashe 17. A ranar 11 ga Oktoba wata na'ura a birnin Dublin ta nuna alamar farko, washegari kuma wata a San Antonio da ke jihar Texas ta tabbatar da gwajin Lucas da Lehmer. Alamar farkon ta fito ne daga wani gwaji da aka gina a kan ƙa'idar Fermat, wanda yake da hanyar kama kuskuren na'ura a tsakiyar aiki, amma iyakarsa ya nuna cewa lamba mai yiwuwa ce ƙwarai, ba ya yanke hukunci. Ana yin sa ta hanyar ninka 3 da kanta maimakon 2, domin duk lambar Mersenne mai adadin ninki gagara-rabo tana tsallake shi idan aka yi shi da 2 ko da kuwa tana rabuwa, har da 2,047. Ita ce lambar Mersenne gagara-rabo ta 52 da aka sani, kuma ta zo ne kusan shekaru shida bayan 2^82,589,933 − 1, mai alƙaluma 24,862,048, da aka gano a Disamba 2018.

Kowace irin wannan lamba tana zuwa da abokiyar tafiya. Kamilar lamba ita ce wadda idan aka tara duk lambobin da ke raba ta, ban da ita kanta, za a dawo kanta, kamar 6 da take 1 + 2 + 3, da 28 da take 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Euclid ya nuna, fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, cewa idan 2^p − 1 gagara-rabo ce, to ninka ta da 2^(p − 1) zai ba da kamilar lamba, don haka 3 ta ba da 6, 7 ta ba da 28, 31 ta ba da 496, 127 kuma ta ba da 8,128. Euler ya tabbatar da cewa duk kamilar lambar da ke rabuwa gida biyu daidai ta wannan hanya take fitowa. Saboda haka ganowar 2024 ta zo da kamilar lamba ta 52, mai alƙaluma 82,048,640, wadda ta ƙare da 6, wadda lambobi 272,559,682 ne ke raba ta idan an haɗa da ita kanta, kuma wadda ita ce daidai jimillar duk lambobi daga 1 har zuwa lambar Mersenne ɗin, kamar yadda 28 take jimillar 1 zuwa 7. Ko akwai kamilar lambar da ba ta rabuwa gida biyu, wannan tambaya ce da ta gagari masana tun zamanin Girkawa, ba a samu ko ɗaya ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ba.

Ya kamata a fahimci abin da ake nufi da mafi girma, domin a nan ne rahotanni suka fi rikita mutane. Babu gagara-rabo mafi girma, kuma Euclid ne ya kawo hujjar. A ɗauki kowane jeri mai iyaka na gagara-rabo, a ninka su duka, a ƙara ɗaya. Babu ko ɗaya daga cikinsu da zai raba sakamakon, domin kowanne zai bar saura 1, don haka dole akwai wani gagara-rabon da ba ya cikin jerin. Sakamakon kansa ba lallai ya zama gagara-rabo ba, misali 2, 3, 5, 7, 11 da 13 suna ba da 30,031, wadda ita ce 59 sau 509, amma 59 da 509 ɗin sabbi ne. Chebyshev kuma ya tabbatar a tsakiyar ƙarni na 19 cewa tsakanin kowace lamba da ta fi 1 da ninkinta biyu akwai gagara-rabo, saboda haka mun san tabbas akwai wata sama da tamu da ba ta kai ninkinta biyu ba. Ƙa'idar yawan gagara-rabo da Hadamard da de la Vallée Poussin suka tabbatar a 1896 ta nuna cewa a kewayen wannan lamba kusan ɗaya cikin kowace miliyan 94 gagara-rabo ce. Wannan yana nufin gagara-rabo masu alƙaluma miliyan 41 suna da yawan da shi kansa adadi ne mai alƙaluma kusan miliyan 41. A ra'ayina wannan shi ne ainihin matsayin lambar, ba ta fi maƙwabtanta ƙaranci ba, abin da ya bambanta ta shi ne ginin da take da shi ya dace da kayan aikin da ke hannunmu, su kuwa sauran ba mu da hanyar tabbatar da su cikin lokacin da ya yi daidai da rayuwar mutum.

Batun amfani ba ya buƙatar dogon bayani. Tsarin ɓoye saƙo na RSA yana aiki da gagara-rabo masu alƙaluma 'yan ɗaruruwa, kuma sharaɗinsu shi ne su zama sirri, don haka lambar da duniya ta sani ba ta da aiki a wurin. Ƙananan 'yan uwanta suna da aiki, misali 2^19937 − 1 ita ce ginshiƙin wata sananniyar hanyar samar da lambobin ƙuri'a a kwamfuta da Matsumoto da Nishimura suka ƙirƙira a 1997. Babbar kuwa darajarta tana cikin abin da take ƙara wa ɗan ƙaramin jerin misalan da ake da su.

Jerin kuwa ƙarami ne ƙwarai, guda 52 kacal, kuma a kansu ne ake auna wani hasashe na Lenstra da Pomerance da Wagstaff, wanda ke cewa lambobin Mersenne gagara-rabo ba su da iyaka, kuma a matsakaici kowane adadin ninki yana fin na bayansa da kusan kashi 48 cikin 100. Hasashe ne kawai, domin har yau babu hujjar cewa ba su da iyaka, kuma abin mamaki, babu hujjar cewa lambobin Mersenne masu rabuwa, waɗanda adadin ninkinsu gagara-rabo ne, su ma ba su da iyaka, duk da cewa kusan duk wadda aka gwada tana rabuwa. Ko matsayinta na 52 ma na wucin gadi ne, domin lokacin da aka sanar da ita ba a gama gwada duk adadin ninkin da ke ƙasa da 136,279,841 ba, kuma an taɓa samun wadda aka tsallake, kamar 2^42,643,801 − 1 da aka gano a 2009 bayan an riga an gano 2^43,112,609 − 1 a 2008. Gidauniyar EFF ta Amurka, mai kare 'yancin masu amfani da intanet, ta ware dala 150,000 ga wanda ya fara tabbatar da gagara-rabo mai alƙaluma miliyan 100, kuma idan ta Mersenne ce, adadin ninkinta sai ya wuce miliyan 332, gwaji ɗaya a wannan mataki kuma zai ci aikin da ya ninka na lambar 2024 kusan sau shida.